Gidan da aka ce kada a sayar, kada a raba: neman amincewar kotu a Garwa

Takardar shafi ɗaya ce, da Larabci. Malamin unguwa ne ya rubuta ta, Alhaji ya dangwala yatsa, shaidu biyu suka sa hannu, aka kai fada aka buga mata hatimi. Cewa ta yi gidansa mai shaguna 6 a gaba da kangon fili a baya ya zama habusi, wato wakafi, ga 'ya'yansa da 'ya'yan 'ya'yansa. Ba a sayarwa, ba a rabawa. Kuɗin haya a fara gyara da shi, sannan kuɗin makarantar yara, abin da ya rage a raba. Babban ɗansa ne zai riƙe.

An tsara wannan lamari ne a matsayin misali, daga irin abin da ke maimaituwa a gidajen 'yan kasuwa a Garwa da Marwa da Ngaundere, a arewacin Kamaru. Babu sunan kowa a ciki, kuma kuɗin da za a ambata na lissafi ne kawai. Dokokin da hukunce-hukuncen fiƙihun kuwa su ne ake aiki da su.

Alhaji ya rasu ya bar mata 2, 'ya'ya maza 4 da mata 5. Shekara 9 ana bin takardar babu wanda ya ce uffan. Kowane shago sefa 25,000 a wata, wato 1,800,000 a shekara. Sai abubuwa suka taru. Katangar shaguna uku ta tsage tun daga tushe, kwano ya ci tsatsa, magini ya yi lissafin 4,200,000. Babban yaya ya koma Duwala da kasuwancinsa, haya ta zama wata a karɓa, wata a manta. 'Yan'uwa mata suka fara tambayar dalilin da ake biya wa 'ya'yan maza makaranta a bar nasu. Ana cikin haka ɗa na uku ya rasu, ya bar mace da yara 3, biyu maza ɗaya mace, babbansu shekara 11. Da aka zauna bayan sadakar arba'in, bakin kowa ya zo ɗaya a kan abu uku: a sayar da kangon baya a yi gyara, a sauya mai riƙo, a shigar da jikoki ta wajen 'ya'ya mata. Su a ganinsu magana ta ƙare.

Mece ce takardar, tukuna?

Kafin a sauya sharaɗi sai an san ko sharaɗin yana ɗaure da wani. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ake bi a wannan yanki, da wakafin ya inganta da iyalin sun sha wuya. Sharaɗin mai wakafi ana bin sa matuƙar ya halatta. Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta faɗa ƙarara cewa ba a sayar da habusi ko da ya rushe, kuma sassaucin da littafin Muhtasar ya kawo a kan gida da fili na faɗaɗa masallaci ne ko hanya ko maƙabarta. Lafazin ma yana da nauyi: idan mutum ya ce «'ya'yana da 'ya'yan 'ya'yana», 'ya'yan 'ya mace ba su shiga, da ya ce «zuriyata», da sun shiga. Don haka babban yaya ba zalunci ya yi ba da ya bar su, abin da aka rubuta ya bi.

Sai dai malamin da aka kai wa takardar bai fara da wannan ba. Tambaya ɗaya ya yi: bayan an rubuta, wa ke karɓar haya? Aka ce Alhaji da kansa, har ciwon ajalinsa, kuma a gidan yake zaune. Nan aka tsaya. Wakafi a Malikiyya ba ya cika sai mai shi ya cire hannunsa, waɗanda aka yi wa ko wakilinsu sun karɓa, tun yana da rai da lafiya. Idan ya rasu dukiyar na hannunsa, wakafin ya ɓaci, gida ya koma gado. Da ya rubuta cewa bayan ransa ne, da an duba shi a babin wasiyya, a cikin sulusi, kuma abin da ya shafi magada sai da yardar sauran. Bai rubuta haka ba.

Dokar ƙasa ta wata hanyar ta bi, ta ɓulla wuri guda. Yankunan Kamaru masu aiki da Faransanci suna bin Kod Sibil, wato kundin dokokin aure da gado da dukiya, wanda asalinsa na Faransa ne na 1804, kuma bai san amanar da ake damƙa wa wani ya riƙe wa zuriya har abada ba. Kyauta tsakanin masu rai sai a gaban notar, wato jami'in da doka ta ba ikon rubuta takardun ciniki da tabbatar da su, in ji sashe na 931. Wasiyyar hannu sai mai ita ya rubuta ta dukkanta da kansa, ya sa kwanan wata, ya sa hannu, in ji sashe na 970. Wadda malam ya rubuta aka dangwala ba ta cika wannan ba. Wanda ba a ɗauki cikinsa ba tukuna ba ya karɓar kyauta ko wasiyya. Uwa-uba sashe na 815: ba a tilasta wa kowa zama cikin dukiyar haɗaka, kuma alkawarin jinkirta rabo ba ya wuce shekara 5, sai dai a sabunta.

Ashe shekara 9 ɗin nan ba wakafi ake gudanarwa ba. Gado ne da ba a raba ba, wanda magada suka zaɓi su tafiyar da shi yadda mahaifinsu ya so. Wannan ya sauƙaƙa abu ɗaya ya tsananta wani. Ana iya sauya kowane sharaɗi, amma sai kowane mai kaso ya yarda, kuma akwai masu kason da doka ba ta karɓar yardarsu.

Kuɗin da aka karɓa tun ba a je ko'ina ba

Maƙwabci ya taya kangon 6,000,000. Biyu daga cikin 'ya'ya mazan suka karɓi kafin alƙalami 2,000,000, aka rubuta takarda a gaban mai unguwa. Suka sayi siminti da rodi na 800,000 suka jibge a zaure. Da aka je wurin notar don a kammala, ya buɗe titir fonsiye, wato takardar mallakar fili, ya ga sunan mamaci, ya mayar musu da takardunsu.

Ba taurin kai ya yi ba. Dokar ƙasa mai lamba 74-1 ta 6 ga Yuli 1974, a sashe na 8, ta ce cinikin fili mai titir da ba a yi a gaban notar ba ɓatacce ne. Hatimin mai unguwa yana nuna an ba da kuɗi, amma ba ya mayar da mallaka. Su biyun kuma sun sayar da abin da ba nasu su kaɗai ba ne. Ko da kowa ya yarda, yanke wani ɓangare daga fili mai titir ɗaya sai mai awon filaye na hukuma ya zo ya kafa duwatsu, an fitar da sabon zane. Kuɗin maƙwabci dole a mayar, kuma bashin yana wuyan waɗanda suka sa hannu, ba wuyan gado ba. Simintin kuwa ya kwana damina ɗaya a ƙasa ba katako a ƙarƙashinsa; layin ƙasa duk ya zama dutse.

Wace kotu

A nan ne zaɓi yake da hatsari. Dokar 19 ga Disamba 1969 ta ba kotun mataki na farko, wadda ke hukunci da al'ada, ikon duba aure da gado. Alƙali na zama da mataimaka biyu masana al'ada, kuma hukuncin sai ya faɗi al'adar da aka yi aiki da ita. Amma ikonta ya rataya ne a kan yardar kowa: mutum ɗaya ya ce bai yarda ba kafin a shiga gundarin magana, sai a koma babbar kotu, wadda dokar tsarin shari'a ta 29 ga Disamba 2006 ta ba ikon gado. Kotun Ƙoli ta daɗe da kafa cewa wanda ya zaɓi kotu ya zaɓi dokarta. A babbar kotu sashe na 745 ne ke aiki, ɗa da 'ya kasonsu ɗaya, matar mamaci kuma cin amfani take samu ba mallaka ba. Alƙalin fadar lamiɗo yana sulhu, ana jin maganarsa, sai dai ofishin rajistar filaye ba ya sauya suna a kan titir da takardarsa.

Iyalin sun zaɓi kotun al'ada don tabbatar da magada, bayan an zauna da kowace 'ya ita kaɗai an bayyana mata abin da za ta samu a nan da abin da za ta samu a can. Wannan zama ba ɓata lokaci ba ne. Yardar da aka samu da kunya ita ce ke dawowa ƙara bayan shekara biyu, galibi ta bakin miji.

Takardun da aka tara: shaidar rasuwa, takardun haihuwar kowa, takardun aure, katin shaida, kwafin titir, da rubutaccen bayanin taron dangi mai sa hannun kowa, wanda hukuma ta tabbatar. Uku suka ba da wahala. Ba a taɓa kai rahoton rasuwar Alhaji ofishin magajin gari ba, kuma lokaci ya wuce, sai da kotu ta ba da hukuncin da zai maye gurbin takardar. Sunan uba ya sha bamban a takardun haihuwar yara biyu, wani wuri da laƙabi, wani wuri da sunan yanka, aka nemi gyara. Na uku ya fi ciwo: auren amarya a masallaci aka ɗaura, ba a yi na ofis ba. A gaban Allah da jama'a matarsa ce, tana da rabin tumuni. A takarda babu abin da ke nuna haka. Manyan magada suka rubuta cewa sun amince da kasonta daga nasu.

Gado biyu ne, don haka hukunci biyu: na Alhaji, da na ɗan da ya rasu. Mutane kan manta na biyun, sai an je sauya suna a ga akwai mamaci a cikin jerin magada. Bayan kowane hukunci aka jira wata ɗaya na ɗaukaka ƙara ya wuce, aka karɓi shaidar cewa babu wanda ya ɗaukaka.

Kason marayu

Ga lissafin fara'ili. A raba gidan kashi 208: kowace mata 13, kowane ɗa 28, kowace 'ya 14. Kashi 28 na marigayi ana cire wa matarsa tumuni, mahaifiyarsa sudusi, ragowar 17 cikin 24 na yaran ne. Ya kama kusan kashi 9 da rabi cikin 100 na gidan, kimanin 171,600 daga hayar shekara. Ɗan ƙaramin kaso ne, amma shi ya riƙe sauran 90 ɗin.

A Kamaru sai shekara 21 mutum ke iya sa hannu a kan dukiyarsa. Autar gidan shekararta 19, tana ɗakin miji. Aure ya 'yanta ta a wasu abubuwa, amma sashe na 484 ya ce a sayar da ƙasa ko gida sai ta bi hanyar da ƙaramin yaro ke bi. Su kuwa marayun, kowa ya ɗauka baffansu ne waliyyi, kamar yadda aka saba. Kod Sibil ya ba da waliyyancin ga wanda ya rage da rai cikin iyaye, wato uwarsu, sannan taron dangi ya naɗa mata mai sa ido. Baffa ba zai iya tsaya musu ba a maganar da shi ma yake da kaso, domin abin da ya ƙaru gare shi daga wajensu zai fito. Majalisar dangin da doka ta sani mutum 6 ce, uku ta wajen uba, uku ta wajen uwa. Taron farko duk dangin uba ne, uwar yaran ma tana cikin gida aka aika mata da takarda ta dangwala. Dole aka sake, aka kira kawunnan yaran.

Sashe na 457 ya hana waliyyi sayar da ƙasar yaro, ko jinginar da ita, ko cin bashi a kanta, sai da izinin wannan majalisa, kuma sai don larura ta tilas ko amfani bayyananne. Sashe na 458 ya ce izinin ba ya aiki sai kotu ta amince bayan ta ji ta bakin lauyan gwamnati. Sashe na 459 ya ce cinikin a bainar jama'a ake yin sa, da gwanjo. Da maƙwabci ya ji haka ya nemi kuɗinsa. Da matan gida suka ji za a manna sanarwa, baƙo ya zo ya taya bayan ɗakinsu, uwargida ta ce wa ɗanta na biyu: «Kai dai ka bar mana kangon nan, ko awaki ma ɗaure a ciki.» Maganar sayarwa ta mutu a nan.

Wannan ma'auni ba na Kamaru kaɗai ba ne. A Ingila, inda amanar iyali take da cikakken gurbi a doka, dokar 1958 ta ba kotu ikon amincewa da sauya sharuɗɗa a madadin yara da waɗanda ba a haifa ba, da sharaɗin sauyin ya amfane su. Manya suna magana da bakinsu. Kotu bakin yaro ce.

Abin da aka kai, da abin da aka dawo da shi

Aka rubuta sabuwar yarjejeniya, aka kai babbar kotun Benuwe da roƙon ta amince a madadin yaran, tun da Kod Sibil ne ma'aunin notar da ofishin filaye. Karon farko aka ɗage. Roƙon ya ce gini ya lalace, amma babu hoto, babu rahoton masani, babu lissafin magini mai sa hannu. Babu kuma lissafin hayar shekara 9. Babban yaya littafin makaranta mai shafi 40 yake rubutu a ciki, wasu watanni babu komai, wasu an rubuta «gyara» babu rasit. Babu wanda ya zarge shi da ci, amma wanda zai sauka daga riƙo sai ya miƙa lissafi, in ba haka ba sabon mai riƙo bai san daga inda ya fara ba. Aka zauna da 'yan haya ɗaya bayan ɗaya aka sake gina abin da za a iya, manya suka yafe giɓin da ya shafe su, yaya ya biya na marayu daga aljihunsa.

Sharaɗin da ya fi jan magana shi ne na makaranta. An rubuta cewa a cire kuɗin makarantar dukan jikoki, na maza da na mata, daga kan haya kafin rabo. Niyya ce mai kyau, amma jikoki sun tashi daga 7 zuwa 19, kuma duk abin da aka cira daga sama, kason marayu ya ragu da shi don amfanin yaran da iyayensu ke raye. Waliyyi ba ta da ikon yin kyauta da dukiyar yaro, ko da ga ɗan gwaggonsa ne. A nan fiƙihu da kotu ba su saɓa ba. Aka juya tsarin: a fara ware kason marayu da na auta, asusun makaranta ya fito daga kason manyan da suka yarda.

Akwai kuma abin da mai lura zai gani. Da an bi sashe na 745, reshen marigayi zai tashi da kashi 1 cikin 9, kimanin 200,000 a shekara, ya fi 171,600. Don kada wannan ya zama abin tuntuɓe, kaka da uwar yaran suka rubuta cewa sun bar nasu a haɗe da na yaran tsawon yarjejeniyar. Kashi 28 ɗin ya zauna a dunƙule, kimanin 242,300 kafin a cire na gyara, ba a raba shi tsakanin yaran ba tukuna.

Kuɗin gyara aka nemo shi ba tare da taɓa ƙasa ba. Aka raba aikin gida biyu, kashin farko 2,100,000. 'Yan haya biyu suka ba da hayar shekara 2 gaba ɗaya, 600,000 kowanne. Ragowar 900,000 manya uku suka ranta wa gidan ba ruwa, a rubuce, a biya su daga haya. Wani ɗan haya ya nemi ya ɗauki dukan gyaran a ba shi shekara 15, aka ƙi. Hayar da waliyyi ya bayar ba ta ɗaure yaro fiye da shekara 9, kuma a dokar OHADA, dokar kasuwanci ta haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka har da Kamaru, ɗan hayar shago da ya yi shekara 2 yana sana'a a wuri ya sami haƙƙin a sabunta masa, fitar da shi sai da diyya. Mai karɓar kuɗin gaba ya san da wannan kafin ya miƙa hannu.

A zama na biyu kotu ta amince. Ɗa na biyu ya zama mai riƙo, babbar 'ya tana sa hannu tare da shi a asusun banki. Kashi 20 cikin 100 na haya ana ajiye shi don gyara. Ana karanta lissafi sau ɗaya a shekara a gaban mai sa ido na marayu. Sayarwa ko jingina sai an dawo kotu. Jumlar «ba a sayarwa, ba a rabawa har abada», wadda aka kwafo daga takardar Alhaji don girmamawa, an cire ta, aka sa shekara 5. Wannan ya sosa ran uwargida fiye da komai, sai da malam ya bayyana mata cewa sabuntawa a hannun 'ya'yanta take.

Bayan an jira wata 3 na ɗaukaka ƙara daga hukuncin babbar kotu, aka bayyana gadon a ofishin haraji aka biya abin da ya hau, sannan aka kai hukuncin tabbatar da magada guda biyu, da shaidar rashin ɗaukaka ƙara, da titir na asali ofishin rajistar filaye, aka sauya suna zuwa na magada a haɗe. Maza biyun nan sun mayar wa maƙwabci 1,200,000 da ke hannunsu, suna biyan 800,000 kaɗan-kaɗan. Rodin ya shiga aikin katanga, gidan ya saye shi a hannunsu bisa rasit. Idan shekara 5 ta cika, auta ta riga ta wuce 21 za ta sa hannu da kanta, amma babban marayun bai kai ba, don haka sabuntawar ma sai an sake kiran kawunnai an koma kotu. Takardar Alhaji tana nan cikin jakar fata a ɗakin uwargida, tare da kwafin hukuncin.